Kada A Share Lambun Tsohuwa

A wani ƙauye na ƙasar Zazzau, wata tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya tana da shekara 85 a duniya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ta bar 'ya'ya shida da jikoki masu yawa, ta kuma bar wani ɗan lambu a bayan ɗakinta, wanda faɗinsa bai wuce taku goma sha biyar ba. Yanzu magada suna shawarar su share wurin su gina shago. Wannan shawara tasu ita ce dalilin maganar wannan mako, domin irinta tana aukuwa a gidaje da yawa.

Duk wanda ya san tsohuwar nan ya san ta da abu biyu, watau hidimar iyali da son fure. Da asuba in ta idar da salla sai ta ɗauki tulu ta nufi bayan ɗaki. Lalle ne shingen lambun, ga zogale a kusurwa, ga rama da yakuwa da kuɓewa a tsakiya, kabewa kuwa ta hau danga. In lalle ya yi fure sai ta tsinko kaɗan, ta haɗa da farin furen zogale, ta jera cikin ƙoƙo ta ajiye kusa da randa, ɗaki ya gauraye da ƙanshi. Da damina yara kan kawo mata furen bado daga kududdufi, ta sa shi cikin ƙwarya da ruwa. Jikokinta maza, waɗanda ke kiranta matarsu don wasa, sukan ce kwalliya take yi musu. Maƙwabta kuwa suka ɗauke shi wargin tsufa kawai.

Amma fa ba a yi wata ɗiya ko jika aure a gidan nan an sayi lalle a kasuwa ba. Kuma a shekarar 1973, da fari ya sauka Arewa, hatsi ya yi wuya, da ruwan wanke-wanke ta raya zogale da rama, ta riƙa yin kwaɗo tana rufa wa yara asiri har abinci ya samu. Haka ta sake yi a farin 1984. 'Ya'yan nan da ke son gina shago, ganyen wurin ne ya riƙe cikinsu.

To, sai a duba abin da manomi zai koya daga wannan son fure nata.

Na fari, ita ta san fure shi ne mafarin 'ya'ya. Kabewa tana da fure iri biyu a jiki ɗaya, namiji da tamace. Tamacen ita ce mai ɗan ƙulli a gindi. Da sassafe suke buɗewa, kafin rana ta take sun rufe. In ƙudan zuma bai ɗauko garin furen namiji ya kai wa tamace ba a cikin wannan ɗan lokaci, sai ƙullin ya yi rawaya ya faɗi. Saboda haka tsohuwa ba ta yarda a kori zuma daga lambunta ba. Yau kuwa sai a ga manomi ya goya tankin feshi da hantsi, daidai lokacin da zuma ke kiwo, ya kashe ƙwari masu ɓarna da masu amfani gaba ɗaya, sa'an nan ya komo yana kukan kabewa da kankana ba su yi 'ya'ya ba. Wanda feshi ya zame masa dole, ya bari sai da yamma lis, bayan zuma ta koma amya.

Na biyu, ta san ba kowane kyakkyawan fure ne masoyi ba. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, furensa yana da ban sha'awa, amma saiwarsa maƙale take da saiwar dawa ko gero tana tsotse abincinsu. Tushe ɗaya yakan zubar da ƙwayoyi dubun dubbai, ƙanana kamar ƙura, kuma sukan zauna cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran shuka. Tsohuwa takan tura jikoki gonar gida su tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, su tara su ƙone. Wannan shi ne abin da malaman gona ke koyarwa har wa yau.

Na uku, ita ce ma'ajin iri. A ƙarƙashin gadonta akwai goruna, kowanne da abin da ke ciki: irin kuɓewa mai saurin yi, irin wake da aka cuɗa da toka don kada ƙwaro ya huda shi, irin kabewar da ta zo da shi daga gidan iyayenta ranar da aka kawo ta. Kada mai karatu ya raina wannan aiki. A Ibadan akwai babbar cibiyar binciken noma da aka kafa a 1967, tana ajiye da irin wake fiye da 15,000, yawancinsu daga hannun ƙananan manoma aka tattaro su. A ƙasar Norway kuma, cikin 2008, an buɗe wani rumbu a cikin dutse mai ƙanƙara don adana irin shuka na duniya duka. Abin da gwamnatoci ke kashe kuɗi masu yawa a kansa, shi tsohuwa ke yi da gora da toka. In ta mutu aka zubar da gorunan, wani irin ba za a ƙara ganinsa ba har abada.

'Yan kasuwa za su ce shago yana kawo kuɗin haya kowane wata, fure kuwa me zai kawo? Maganar haya gaskiya ce, kuma magada suna da iyali a wuyansu. Amma a tuna soɓorodon nan da ake dafa zoɓo da shi, ɓawon furen yakuwa ne. Dā tsofaffin mata ke shuka shi a gefen gona, yanzu kuwa ana loda shi daga Jigawa da Kano zuwa Ikko, jirgin ruwa ya kai shi har Meksiko. A Sudan da Masar ana shansa da sunan karkade. Mutanen Kenya kuma suna noman furen wardi a bakin tafkin Naivasha, suna aika shi Turai a jirgin sama. Ashe fure ma haja ne ga wanda ya san kansa. Ban da wannan, a lissafta abin da gida ke kashewa kan kayan miya cikin shekara, sa'an nan a gwada shi da kuɗin hayar ɗan shago a ƙauye.

Shawara ga magadan nan, da duk masu irin halinsu, ita ce su gina shagonsu a bakin hanya, su bar bayan ɗaki yadda yake, su damƙa shi ga wata suruka ko jika mai sha'awa. A raba irin da ke cikin gorunan ga gidaje uku ko huɗu, don in ya ɓace a nan a same shi a can. Ma'aikata da ke birni kuwa, in sun je gida hutu, su ɗauki takarda da alƙalami su zauna gaban tsofaffinsu, su tambayi sunan kowane iri, da lokacin shukarsa, da yadda ake adana shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tarar da ita a cikin kwalba. Wanda kakarsa ke da rai, ya yi wannan tambaya tun bana.

Allah Ya gafarta wa wannan baiwa tasa, Ya ba iyalinta haƙuri, Ya ba manoma damina mai albarka, amin.