Ba Jabu Ba Ne, A Jakarka Ya Mutu

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu fatsa, daga Bwari har Dutsen Alhaji da Kubwa, duk inda mutum biyu suka kwance jakar kayan su: wai kayan yanzu ba su da ƙarko. Da zarar kifin roba ya fara iyo a karkace, ko fentinsa ya ɓare, ko ƙugiyarsa ta yi tsatsa, sai a ɗaga shi sama a nuna wa jama'a, a ce ɗan China ne, jabu ne, an cuce mu. Kowa ya gyaɗa kai, a tsine wa ɗan kasuwa, a wuce a sake saye. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ya daɗe yana cinye wa mutane kuɗi a banza. Manyan kifayen robar nan da ke lalacewa a hannunmu, akasarinsu tsakanin ɗaki da bakin ruwa suke mutuwa, a ƙasan jaka, a bayan mota, a ɗaure da kujerar babur. Masana'anta ba ta da hannu a ciki, kifi ma bai taɓa su ba.

Wanda bai san abin ba, koto ne na ƙarya da ake sassaƙawa ko a zuba shi da siffar kifi sak, manyan su kai santimita 20 zuwa 30. Wani na roba ne mai laushi, jelarsa na kaɗawa. Wani mai tauri ne, na katako ko roba, an raba jikinsa gaɓa biyu ko uku yana lanƙwasa in an ja shi. Ba shi da rai irin na tana ko gara. Abin da yake yaudarar babban kifi da shi motsi ne, kuma motsin nan daga daidaiton jikinsa yake fitowa.  A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya lura manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifi mai rauni hari, wanda iyonsa ya saɓa da na 'yan'uwansa. Ya sassaƙa ɓawon icce, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya yi ta gyara har ya sami wannan rangajin. Masu girman da muke magana a kai kuwa a Kalifoniya ta Amurka suka bunƙasa, wajen ƙarshen shekarun 1980, a tafkuna irin su Castaic, daga baya Japanawa suka ɗauka suka ƙware. Akwai irin su Mother na kamfanin Roman Made, na katako da ake yi da hannu, da guda ɗaya ke cin ɗaruruwan daloli.

Mu nan 'yan tsiraru ne ke amfani da su, kuma ba don karfasa ko tarwaɗa ake saye ba. Giwan ruwa ake nema, wadda kan haura kilo 100, da tsage mai haƙora, irin waɗanda mutum kan tashi daga Bwari ya nufi Kainji ko Jebba dominsu. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta haura Naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kifin roba mai kyau guda ɗaya ya zama abin da sai an yi tari. To mutum ya yi tarin, ya saya, sannan ya jefa shi cikin jakar da ke ɗauke da filaya da wuƙa da dalma da ragowar ƙugiyoyi, ya ɗora kular ruwa a kai.

Mu fara da jela, don a nan aka fi yi wa kaya ƙazafi. Roba mai laushi tana riƙe duk siffar da aka bar ta a ciki, musamman in ta sha zafi. A watan Maris zafin Abuja kan kai digiri 37 ko fiye, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 60. Kifin da ya yini a bayan irin wannan mota, jelarsa a tanƙware a kusurwar akwati, zai fito da ita a tanƙware, ya kuma zauna a haka. Na tsaya kusa da wani bawan Allah a gefen ruwa ta wajen Ushafa yana gwada sabon nasa kafin tafiya. Ya jefa, ya naɗo, abin yana zuwa yana mirginawa gefe guda, cikinsa fari a sama. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ko wata biyu bai yi ba." Da aka ɗora shi a tafin hannu, ga jelar ta kauce hagu kamar faɗin yatsa biyu, ga shatin murfin akwati a jikinta. Lafiyayyen kaya ne aka matse. Gyaransa ma bai fi ruwan shayi ba: a tsoma jelar cikin ruwan da ya kusa tafasa na 'yan daƙiƙu, a miƙe ta, a rataye ko a shimfiɗa ta a kan abu mai santsi har ta huce. Nawa aka zubar irin wannan da sunan jabu?

Masu taurin ma zafi bai ƙyale su ba. Na robar cikinsu fanko ne, da iska a kulle. In rana ta gasa su, jikin ya yi laushi iskar ta kumbura, sai ɗinkin tsakiya ya buɗe ɗan kaɗan yadda ido ba ya gani. Ranar da aka jefa, ruwa ya shige, abin da aka ƙera don ya tsaya a tsakiyar ruwa ya nutse ƙasa. Na katako kuwa fenti ne garkuwarsa, in ya tsage icce ya sha ruwa, nauyinsa ya canja.

Sai abin da ya fi ba ni takaici, saboda jahiltarsa ce kaɗai ke jawo asarar. Robobi masu laushi ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ta yau da kullum, wadda wani mai da aka gauraya a cikinta ne ke sa ta laushi, kuma man nan yana tsattsafowa a hankali. Akwai kuma mai miƙewa sosai, wadda za ka ja ta ta ninka tsawonta ba ta tsinke ba, irin ElaZtech ta kamfanin Z-Man. In jinsin biyu suka kwana jiki da jiki, sai ka tarar sun narke sun manne, sun zama dunƙule mai yauƙi. Masu ƙera mai miƙewar da kansu suna gargaɗi a bar ta cikin ledar da ta zo da ita. Mu kuwa abu na farko da muke yi shi ne yaga ledar mu yar, mu zuba kowa da kowa wuri guda don akwati ya yi kyan gani. Man nan dai yana cin fentin masu tauri in an haɗa su, yana kuma cin wasu akwatunan. Duba gindin akwatinka, za ka ga lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku. In 5 ce, ba komai. In 6 ce, irin robar nan mai garau mai saurin fashewa, to kifin zai lotsa ta, ita ma ta ɓata shi. Launi ma yana zuba: fari ya kwana da ja, gobe ba fari ba ne.

Ƙugiya kuwa maganarta gajeriya ce. Kowane babban kifi mai tauri yana ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku, biyu ko uku a jikinsa. A zuba guda biyar a jaka ɗaya, a hau babur a bi hanyar da ba kwalta, kowane gargada sai baki talatin sun karci fenti, sun huda ido, sun dakushe juna. Sannan a dawo da yamma a gajiye, a rufe akwati da danshinsa, a cikin damina, daga Afrilu har Oktoba lokacin da ko tufafi ba sa bushewa da wuri. Mako ɗaya ya isa tsatsa ta kama, ta kuma bi ta rina jikin roba. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga gaɓoɓi ta hana su lanƙwasa.

Ban ce babu jabu ba. Akwai, ya cika kasuwa, kuma mai sayar da kwaikwayo da farashin na asali azzalumi ne. Amma jabu yana nuna kansa tun ranar farko: ka fito da shi daga kwali ka jefa, ya ƙi iyo, ko zoben ƙugiyar ya buɗe da ƙaramin kifi. Wanda ya yi maka aiki lafiya a fita ta farko da ta biyu, ya zo ya karkace bayan ya yi sati uku a mota, ba shi da laifi. Abin da ya sa maganar jabu ta yi farin jini shi ne tana wanke kowa. Mai kaya bai yi sakaci ba, an cuce shi ne. Ɗan kasuwa ma ba ta dame shi ba, don wanda ya gaskata cewa kaya ne ba ƙarko zai dawo ya nemi mai tsada fiye da na da, ya kai shi jakar da ta kashe na farko.

Abin kunyar shi ne masuntan da suka gaji sana'ar ba su taɓa yin wannan gangancin ba. Je ka Yawuri ko bakin Kainji ka kalli yadda ake naɗe mamari. Igiya ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi, amma kowace ana jera ta a mazauninta, ɗaya bayan ɗaya, yadda gobe za a warware ta ba tare da ta sarƙe ba. Ba wanda ke dunƙule taru da ruwansa ya cusa a buhu, sai an shanya an duba an ɗinke inda ya yage. Bakabe da zai shiga Matan Fada a Argungu ya san gorarsa in ta tsage ba ta ɗaukarsa. A wurinsu gyaran kaya da adana shi cikin su yake, yaro yana koyonsa tun kafin a bar shi ya riƙe filafili. Mu da muka sayi kayanmu ta waya, mun ɗauki jifa da naɗowa, mun bar wannan rabin. Nan Ushafa ma, mai tukwane ba ta loda su a mota sai ta sa ciyawa tsakanin kowace da 'yar'uwarta, kuma in ta yi sakaci suka fashe ba ta cewa yumɓu ne jabu.

Wasu za su ce akwatin da aka yi musamman don wannan kaya shi ma kuɗi ne, sai an yi odarsa daga waje. Gaskiya ne, kuma ba dole ba ne. Duk abin da ake buƙata yana cikin kasuwar Bwari. Sayi bututun famfo na roba mai faɗin da kifin zai shige ba matsi, a yanka maka gunduwa-gunduwa, kowace ta ɗara tsawonsa, a goge bakin da sanfefa, ka jera su a tsaye cikin bokitin fenti mai murfi. Kowane mai tauri ya sami ɗakinsa, a rataye, ba ya taɓa kowa. Tsohon silifa kuma a yayyanka shi ƙanana a soka a bakin kowace ƙugiya, ka huta da karce, ka huta da ƙugiya a cinya, yaran gida ma su tsira. Masu laushi su koma cikin kwarmin robar da suka zo a ciki, a kwance, jela a miƙe, ba a ɗora musu komai. Wanda ya yar da nasa, ya rataye su ta hanci a ƙusa cikin ɗaki inda rana ba ta kai. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a daina zubar da su, a jefa biyu ko uku a akwati. Tela ma zai ɗinka maka mayafi mai maɗauri na kowane kifi in ka nuna masa awo, sai dai a kula: farar ledar nan mai kauri da ake rufe kujeru da ita danginsu ɗaya da roba ta yau da kullum, don haka mai miƙewa kada ta taɓa ta.

Ranar doguwar tafiya, ta Suleja da Lambata da Bida da Mokwa har New Bussa, bokitin ya shiga cikin mota inda mutane suke, a ƙasan kujera, a tsaye, a tokare shi kada ya faɗi. In an tsaya salla ko cin abinci a nemi inuwa. Kada a bar kifi yana lilo a jikin sandar fatsa yana dukan ƙarfe tun daga gida, ko da kuwa ana son a gani. In an dawo, kafin a zauna, a ɗauraye komai da ruwa mai tsabta, a baza a inuwa, akwati ya kwana a buɗe.

Akwai kuma dalilin da ya wuce aljihun mai kaya, kuma mu mutanen Bwari ya fi shafa. Dam ɗin Usuma da ke ƙasarmu shi ne ke shayar da birnin Abuja. Robar da zafi ya gasa ko ƙugiya ta tsaga a jaka ita ce ke tsinkewa da wuri a ruwa, wanda aka yanke wa hukuncin jabu kuma sau da yawa a nan bakin ruwan ake wurgar da shi cikin fushi. Robar ba ta ruɓewa, kifi yana haɗiye ta ta tsaya masa a ciki, da yawansu kuma akwai dalma a ƙirjinsu. Wanda nasa ya lalace har ya fi ƙarfin ruwan zafi da gam, ya cire ƙugiyoyin da zobban ya ajiye don wani, ya sa gangar jikin a aljihun jaka ya koma da ita gida.