Birkin gaba ba abokin gaba ba ne

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da darajarsa a biranen Arewa. Maiduguri kuwa ta riga kowa, domin tun 2011 da aka hana hawa babur a cikinta keke ya zama dokin ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Sai dai wanda ya tsaya a bakin titi ya lura da kekunan da ke wucewa zai ga da yawansu ba su da birkin gaba. An cire shi da gangan, bisa imanin cewa shi ke kifar da mutum. Wannan imani kuskure ne, kuma yana jefa rayuka cikin haɗari.

Idan aka kama birki, nauyin keke da na mahayi yana komawa kan ƙafar gaba, ta baya kuma ta yi sauƙi. Saboda haka tayar baya kan daina juyawa ta shiga zamewa tun kafin keken ya rage gudu sosai, yayin da ta gaba ke ƙara riƙe ƙasa. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake. Gaskiya ne wanda ya damƙe birkin gaba farat ɗaya zai iya wuntsilawa, kuma a kan yashi ko tsakuwa tayar gaba na iya sulluɓewa. Maganin wannan shi ne koyon matsa birki biyun tare a hankali, mahayi yana mai da jikinsa baya. Wanda ya cire na gaba ya rage da guda ɗaya, ranar da ya tsinke kuma sai jan ƙafa a ƙasa. A tuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yakan ninka sau huɗu.

Sau da yawa laifin ma ba na birkin ba ne. Ƙafar keke ce ke lanƙwashewa bayan faɗawa rami ko ɗaukar buhu, sai robar birki ta riƙa gogar ƙarfen a kowane juyi. Maimakon a kai wa mai gyara ya daidaita wayoyin ƙafar, sai a sassauta birkin har ya daina aiki. Gyaran da ya dace yana farawa ne da miƙe ƙafar, sannan a matso da robobin har tazararsu da ƙarfen ta zama kamar milimita 2 zuwa 3. A kekunan Raleigh da Phoenix masu birkin sanda, noti ake kwancewa a rage tsawon sandar. A masu waya kuwa, wayar ake ja a ɗaure, a kuma canja ta da zarar zarenta ya fara tsinkewa.

Robar kanta tana da ƙa'ida. Dole ta sauka kan ƙarfe, don idan ta taɓa taya za ta yanka gefenta. Gidan ƙarfen da ke riƙe da ita, idan mai buɗaɗɗen gefe ɗaya ne, rufaffen gefen ne zai dubi gaba, in ba haka ba juyin ƙafar zai fizge robar. Idan tsagogin da ke jikinta sun shafe, ta ƙare. Man da ake ɗiga wa sarƙa kuma kada ya taɓa ta. Da damina, ƙarfe mai walƙiya na tsofaffin kekuna yakan rasa yawancin kamunsa idan ya jiƙe, don haka a fara rage gudu tun da nisa.

Nauyin ya fi hawa kan wanda ya sayi keken: uban da ya saya wa ɗansa na zuwa makaranta, da mai shagon da ke aiken yaro. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. A tura keken a kama birkin gaba, ƙafar baya ta ɗaga. A kama na baya, tayar ta ja ƙasa. Idan hannun birki ya taɓo kan keken kafin ya kama, keken nan wurin mai gyara ya nufa kafin yaro ya hau shi.