Ku Daina Wahalar Da Rimot, Laifin Na Waya Ne

Tun da na saki bidiyon gwajin wayoyin HDMI, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, musamman daga mutanenmu na nan Greensboro, inda 'yan Nijar ke da yawa kuma ba a rasa biki ko taro: an kama zaure, an ajiye laftof a gaba, an ja waya mai ƙafa 50 ko 100 zuwa talabijin ɗin da ke ɓangaren baya, sai hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Wane saiti za a taɓa?

Amsata a taƙaice: babu. Ku ajiye rimot ɗin nan.

Wannan tunanin gado ne daga zamanin VGA, wayar nan mai shuɗin kai da IBM ya fito da ita a 1987. Ita siginarta tana raunana ne a hankali, hoto ya yi dishi-dishi, rubutu ya yi inuwa. Shi ya sa akwatunan da ke tsawaita VGA ta wayar intanet suke zuwa da abin murɗawa, ɗaya na haske, ɗaya na kaifin hoto. Masu tsada har da na daidaita launi, domin ja da kore da shuɗi kowanne tagwayen silinsa daban, murɗinsu ba ɗaya ba, sai wani launi ya riga wani isowa. A can murɗawa tana da amfani.

HDMI ba haka take ba. Lambobi take aikawa, ko su isa ko kada su isa. Za ka fara ganin fararen ɗigo kamar tartsatsi, daga nan sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ƙara haske a talabijin ba zai dawo da abin da ya zube a hanya ba.

Ga lissafin. Hoton 1080p mai firam 60 yana cin kusan gigabit 4.5 a daƙiƙa. Na 4K mai firam 60 da cikakken launi yana cin kusan 18, wato iyakar HDMI 2.0 ke nan. Wayar jan ƙarfe zalla takan kai 1080p wajen mita 15 idan mai kyau ce, amma da 4K daga mita 5 zuwa sama sai addu'a.

To ga ra'ayina, kuma na san wasu ba za su so shi ba: gara 1080p mai tsabta da 4K mai tsalle. Saitin da ya kamata ka taɓa yana cikin laftof ɗin. Sauke shi zuwa 1080p, nauyin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke zaune nesa da allo a zaure wallahi ba zai ga bambanci ba, amma kowa zai gani idan hoton amarya ya ɗauke ana tsakiyar shigowa.

Wani zai ce ai kuɗi ya sa ya sayi talabijin 4K. Gaskiya ne, kuma idan ƙananan rubutu za ka nuna, yana da hujja. Sai dai a biya kuɗin hanyar. Akwai HDBaseT, tsarin da LG da Samsung da Sony Pictures da Valens suka kafa a 2010, mai kai hoto har mita 100, wato ƙafa 328, ta wayar intanet irin Cat6. Akwai kuma HDMI mai zaren faiba a ciki. Ita kan ta biyu ba ɗaya ba ne, an rubuta wanda ke shiga kwamfuta da wanda ke shiga allo. Ka juya ta, ba za ka ga komai ba.

Abu biyu ku kiyaye. Na farko, duk kwalin da aka rubuta CCA, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ku bar shi ko da rabin kuɗi ne. Na biyu, akwatuna masu araha da ke cewa 4K sukan rage bayanan launi zuwa 4:2:0. A fim ba a lura, amma jan rubutu a kan baƙi sai ya dagule.

Masu aika kaya gida, Maraɗi ko Kano, don gidan kallon ƙwallo, wannan ya fi shafar ku. A nan idan waya ta ƙi aiki sai ka mayar kanti. Wadda ta shiga kwantena kuwa ta tafi ke nan. Ku shimfiɗa ta gaba ɗaya a falo, ku haɗa, ku bar bidiyo yana tafiya awa guda kafin ku naɗe ta.