A Turo Masu Ilmin Itatuwa Gonakinmu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in faɗi abin da ke damuna game da dashen itatuwa a ƙasar Kazaure.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan kasa kaya a kasuwa. Tun ina yaro nake ganin ana bikin dashen itace. Manya su zo, a dasa turare da darbejiya, a ɗauki hoto. Kafin watan azumi ya zagayo awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ganuwar itatuwa don tare hamada, Jigawa na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Madalla. To amma wa ke zama ya bincika wane itace ne zai jure zafin yanzu?

Dubi gawo. Yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa. Ɗorawar da mahaifina ya bar mana kuwa tana ta bushewa, aduwa da magarya ko a jikinsu. Me ya sa? Wannan aikin masu bincike ne, ba na mai gatari ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, bayan farin 1984, sun rungumi sassaben zamani, wato a bar kututture ya toho a gona, a rage masa rassa. Da haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a Nijar, ba ban ruwa, ba biki.

Ɗana ya ce ilmin gandun daji zai karanta a jami'ar Dutse. Abokai na yi masa dariya, wai zai ƙare a kamun masu sare itace. Wallahi ni ma da farko na so ya yi likita. Yanzu na sa masa albarka, sai dai ina tsoron ya gama ya rasa aiki.

Don haka ina kira ga Gwamnatin Jigawa da Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan su ɗauki irin waɗannan yara, a turo su Roni, Gwiwa da Ɓaɓura su zauna da mu shekara da shekaru, su auna, su kuma tambayi tsofaffi.



Wani manomi,
Kazaure, Jihar Jigawa.