Awa Ɗaya ta Magana, Awa Biyar ta Rubutu

A kewayen manyan makarantun Arewa, daga Samaru ta Zariya zuwa unguwannin da ke maƙwabtaka da Jami'ar Bayero a Kano, akwai wata sana'a wadda ba kasafai ake kafa mata allon talla ba. Masu ita suna karɓar muryar da aka naɗa su mayar da ita rubutu. Ɗalibin digiri na biyu yakan zo da hirarraki ashirin da ya yi da manoma. Ƙungiyar agaji takan aiko da tattaunawar da aka yi da mata a sansanin 'yan gudun hijira. Almajiran wani malami sukan kawo tafsirin watan azumi sukutum, suna son ya zama littafi. Jarin sana'ar bai taka kara ya karya ba: kwamfuta, iyafis, da kunnen da ya san Hausa. Wannan ne ya sa matasa da yawa da suka gama karatu ba su sami aiki ba suke faɗa mata da murna.

Ba a daɗewa murnar take dusashewa. Wanda a watan farko yake kwana yana bugu, kafin shekara ta zagayo sai a iske sautuka sun taru masa a kwamfuta, yana ganin kiran mai aiki yana kifa waya. Na kusa da shi su ce kasala ce ta kama shi. Shi ma ya yarda, ya shiga neman maganinta wurin masu wa'azin zaburarwa, waɗanda za su ce masa ya riƙa tashi da asuba, ya rubuta burinsa ya manna a bango. Shawarar ba ta da laifi, sai dai ta yi kama da shafa man zafi a kan karaya. Mafi yawan abin da ake kira mutuwar zuciya a wannan sana'a daga lissafi yake farawa, kuma a lissafin ya kamata a fara neman maganinsa.

Al'adar kasuwar ita ce a yi ciniki bisa tsawon sautin, wato kaza a kan kowane minti. Mai kawo aiki yana kallon awa ɗaya ta magana. Mai rubutawa kuwa yana fuskantar awa huɗu zuwa shida na zama, wanda shi ne ƙiyasin da masu sana'ar suka saba yi, kuma ga sautin da ya fito tangaran ke nan. Mutum yana magana da saurin da ya ninka na yatsun matsakaicin mai bugu sau uku ko fiye, don haka aikin duka tsayawa ne da komawa baya: a saurari daƙiƙa biyar, a tsayar, a buga, a sake saurara. A ƙaddara an yi ciniki a kan naira 200 kowane minti. Awa guda ta kama naira 12,000, kuɗin da yake da daɗin ji a baki. Idan aka raba shi gida biyar, ladan awa ɗaya ta aiki ya koma naira 2,400, tun ba a cire komai ba.

Sannan minti ba ɗaya yake da minti ba. Hirar mutum biyu a ɗaki mai shiru daban, zaman mata takwas a ƙarƙashin bishiya daban, inda uku suke magana lokaci guda, jariri yana kuka, injin markaɗe yana ruri a maƙwabta, wayar da ake naɗar sautin kuma tana can kan cinyar mai tambaya. Irin wannan yakan ci awa goma bai ƙare ba. Wanda ya yanka wa sautukan biyu farashi ɗaya ya yi rabin aikinsa kyauta. Ƙila bai taɓa zama ya lissafa hakan da alƙalami ba, amma jikinsa ya riga ya lissafa, shi ya sa hannunsa yake yin nauyi duk lokacin da zai buɗe fayil na gaba.

Abin da ake cirewa daga wannan lada shi ma ya kumbura. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya zama shawarar da ake auna ta sau biyu. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, a farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, alhali da data ake sauko da kowane sauti. Farashin da aka yanka shekara uku da suka wuce ya zama tarihi, amma da yawa suna jin nauyin ɗaga shi don kada abokin ciniki ya koma wurin wani.

Akwai kuma wahalar da ta keɓanta ga Hausa, wadda mai kawo aiki ba ya gani. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kunne yana bambance garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, yana bambance kukan yaro da kukar miya, amma a takarda duk kamanninsu ɗaya. “Ya tafi” tana iya zama labarin abin da ya wuce, tana iya zama umarni. A hirar da ta shafi rikicin gona ko rabon gado, tsakanin waɗannan ma'anoni biyu akwai shari'a guda. Aikin mai rubutu ne ya tsara jimlar da alamominta yadda mai karatu ba zai ɓata ba, ya kuma tabbata ƙasa ba ta koma kasa ba, ɓata ba ta koma bata ba, a kan allon bugun da ba a ƙera shi da ɓ da ɗ da ƙ ba.

Daga nan sai hukuncin da ya fi wannan nauyi. Dattijo Basakkwace ya ce “shina zuwa”. A bar masa abinsa, ko a mayar da shi “yana zuwa” irin ta daidaitacciyar Hausa? Mai nazarin harshe zai ce wanda ya gyara ya lalata masa bincike. Jami'in ƙungiya mai haɗa rahoto zai ce wanda bai gyara ba ya wahalar da shi. Matashiyar da take tsarma Turanci a kowace jimla, da malamin da yake jawo aya ko hadisi ya wuce bai fassara ba, da wanda ya fara magana ya fasa, ya yi shiru, ya ce “to, ka dai gane”, kowannensu yana buƙatar a yanke shawara a kansa. Shirun nan ma wani lokaci shi ne amsar. Wanda yake yanke irin waɗannan hukunce-hukunce sau ɗari a wuni, amma ana biyansa a matsayin mai buga takarda kawai, dole wata rana ya ji aikin ya fice masa daga rai.

Rashin ganin mai rubutu tsohon abu ne a tarihin Hausar boko. Labarin rayuwar Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth har Ingila, da baki ya bayar da shi, J. F. Schön ya rubuta, ya fito cikin Magana Hausa a 1885. A nan an san mai magana, an san mai rubutu. Amma tarin tatsuniyoyi da labarai da Frank Edgar ya wallafa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuto shi da ajami, kuma sunan da ya zauna a bangon littafin da bakin masu nazari na Edgar ne. Haka waƙoƙin makaɗan baka irin su Mamman Shata da Narambaɗa: duk baitin da ɗalibi ya karanta a takarda, wani ne ya zauna da kaset yana mayar da shi baya har ya kama kalmar da kalangu ko kotso ya danne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi suna a wannan fage saboda ya ɗauki aikin a matsayin ilimi, ya fitar da diwanai. Ɗimbin waɗanda suka yi irinsa a kundayen digiri ko a shagunan buga takardu ba wanda ya san su. Kafinta yana wucewa ya ga ƙofar da ya yi. Mai mayar da sauti rubutu yana tura fayil, a ce masa an gani, shi ke nan.

Yanzu kuma ga na'ura ta shigo. Manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya saki a 2022 ta lissafa Hausa cikin harsunan da take ji, wasu ma sun biyo bayanta. A Turancin da aka naɗa a wuri mai shiru, aikinsu ya kai a yaba. A Hausa kuwa da sauran tafiya, domin abin da aka horar da su da shi kaɗan ne, kuma ya fi karkata ga Hausar masu karanta labarai da masu karanta rubutattun jimloli, wadda ta yi nisa da ta tsohuwar da ake hira da ita a tsakar gida. An kuma san irin waɗannan manhajoji da ƙago jimlar da ba wanda ya faɗa, musamman inda sauti ya yi shiru ko ya dagule. Duk da haka sun riga sun sauya ciniki. Mai aiki yakan zo da abin da na'ura ta fitar ya ce a ɗan duba masa kawai, ya taya sulusin farashi. Gyaran rubutu mai yawan kuskure yana bukatar a saurari sautin daga farko har ƙarshe, a goge, a sake bugawa, wani lokaci ma ya fi farawa daga farar takarda cin rai. Kuskure ne mai sana'a ya ƙi na'ura don fushi, domin inda sauti ya yi kyau tana rage masa gajiyar yatsu, kuma za ta ci gaba da ƙwarewa. Kuskuren da ya fi shi girma shi ne ya sayar da sauraronsa da araha don wai na'ura ta riga ta yi rabin aiki.

Wani nauyin kuma ba na kuɗi ba ne. Kaso mai tsoka na aikin da ake samu daga ƙungiyoyi ya shafi Borno da Yobe da Zamfara da Katsina, wato bayanan waɗanda aka kashe wa miji, ko aka sace wa 'ya, ko aka kora daga gona. Mai tambaya ya ji labarin sau ɗaya, yana kallon fuskar mai ba da shi, ya yi mata jaje. Mai rubutu yana jin jimlar nan sau shida, a cikin kunnensa, shi kaɗai, da tsakar dare, yana ƙoƙarin gane kalmar da kuka ya shaƙe. Kuma ba shi da damar ba kowa labari, domin abin da ya ji amana ce, tun kafin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta mayar da ita wajibi a hukumance. Idan irin wannan mutum ya wayi gari ba ya son taɓa kwamfuta, hutu yake buƙata da sauyin aiki na 'yan kwanaki, kuma ya dace masu ba da kwangilar su san da haka lokacin da suke yanka wa'adi.

Ba a ce himma ba ta da gurbi ba. Aikin da ba mai tsaya wa mutum a kai yana neman tsari, kuma akwai waɗanda ko an biya su da kyau za su yi ta jan ƙafa. Sai dai idan aka lura da waɗanda suka daɗe a sana'ar, dabarunsu kusan duka na ciniki ne. Ba sa faɗin farashi sai sun saurari wani yanki na sautin, daga tsakiya, inda hayaniya ta fi yawa. Suna tambaya tun farko ko kalma da kalma ake so ko a tace, su rubuta abin da aka amince a saƙo, don kada a dawo da aikin bayan mako biyu a ce ba haka ake nufi ba. Suna raba kuɗin rubutawa da na fassara zuwa Turanci, ayyuka biyu da masu kawo aiki suke son haɗawa a farashi guda. Da yawansu kuma sukan zaɓi fage ɗaya su zauna a kai, lafiya ko shari'a ko karatun malamai, har kalmominsa su zauna musu a kunne, saurinsu ya ƙaru ba tare da sun ƙara awa ba. Wasu kan haɗa kai su biyu ko uku, wannan ya buga wancan ya duba, abin da yake rage kuskure, yake kuma rage kaɗaicin da ke cin mai aikin.

Sai batun biya, inda mafi yawan zukata suke karyewa. Ɗalibi yakan karɓi aiki ya ce sai an biya shi alawus. Ƙungiya takan ce sai takarda ta bi ofis-ofis, wata biyu ko uku. Rubutu kuwa ba kamar ɗinki ba ne da tela zai riƙe riga har a cika masa kuɗi; da zarar fayil ya tafi, ya tafi. Hausa ta daɗe da tanadar wa wannan matsala suna, kuma daga wurin marubuta sunan ya fito: kafin alƙalami, abin da ake ajiye wa malami tun bai tsoma alƙalaminsa a tawada ba. Mai mayar da sauti rubutu da ya nemi rabin kuɗinsa kafin ya sa iyafis a kunne, ya kuma riƙe kashi na ƙarshe na aikin har a cika masa, zai rasa wasu abokan ciniki. Yawancin waɗanda zai rasa su ne waɗanda da ma sai ya bi su da waya wata uku.