Yawan Ambato Ba Shi Ne Amfani Ba: Kimiyyar Kiristal da Masana'antun Kano

Rumbun man fetur da ke Hotoro, a kan hanyar Maiduguri, an gina shi ne domin ya riƙa karɓar tataccen mai ta bututu daga matatar Kaduna. Kaɗan ne cikin masu wucewa ta gabansa suka san cewa kaso mai yawa na fetur ɗin duniya sai ya ratsa ta cikin wani garin ma'adini mai suna ziyolait kafin ya zama abin da mota za ta sha. Ziyolait kiristal ne, wato daskararren abu wanda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru bisa tsari guda mai maimaita kansa, kamar zanen tabarma. Gishiri kiristal ne, haka kanwa, haka silikon ɗin da ke cikin farantan sola da suka mamaye rufin gidajen unguwar. Farin garin dutsen da masana'antun roba da na fenti a Sharaɗa ke cakuɗawa cikin kayansu shi ma kiristal ne.

A jami'o'in Kano da Zariya da Katsina akwai malamai da ɗalibai da sana'arsu ke nan: lissafa halayen irin waɗannan abubuwa a kwamfuta. Amma abin da ake auna ƙwazonsu da shi wani abu ne daban, wato yawan takardun da suka wallafa da yawan lokutan da wasu masana suka ambace su. Ma'aunin nan yana da amfaninsa, sai dai makaho ne ga abin da Sharaɗa da Challawa da Bompai suke bukata. Babbar hujjar hakan kuwa tana cikin tarihin kimiyyar kiristal ɗin kanta.

Yadda ake lissafa halin dutse

A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa idan aka haska kiristal da hasken eksire, hasken yana warwatsuwa bisa wani tsari. William Bragg da ɗansa Lawrence suka gano yadda za a karanta wannan tsari a san mazaunin kowace zarra, aka ba su kyautar Nobel a 1915. Tun daga nan ake iya sanin ginin cikin dutse kamar yadda magini ya san jerin tubalansa.

Mataki na biyu ya zo a 1964 da 1965, lokacin da Walter Kohn, tare da Pierre Hohenberg sannan da Lu Jeu Sham, suka shimfiɗa hanyar lissafin da ake kira DFT. Bin sawun kowane elektaron a cikin dutse aiki ne da ya fi ƙarfin kowace kwamfuta. Dabararsu ita ce a lissafa cunkoson elektaron a kowane gurbi, daga nan a fitar da ƙarfin abin, da taurinsa, da yadda yake ɗaukar lantarki ko haske. Kohn ya sami Nobel a fannin sinadarai a 1998.

Wannan hanya ta dace da jami'ar da ba ta da kuɗin manyan na'urori. Manhajar Quantum ESPRESSO kyauta ce, kuma ɗalibin digiri na biyu mai kwamfuta mai ɗan ƙarfi zai iya lissafa ƙaramin kiristal a ɗakinsa, muddin wuta ta zauna. Rumbun bayanai na Materials Project, da aka buɗe a Amurka a 2011, ya ajiye sakamakon dubban abubuwa ga duk mai intanet. Ba ƙaramar dama ba ce ga yaron da ya taso a Kano ya yi aiki da kayan da takwaransa na Jamus ke aiki da su.

Amma lissafin yana da iyaka. Yawanci yana ɗauka cewa kiristal ɗin tsarkakakke ne, ba datti ba tsaga, kuma yana cikin matuƙar sanyi. Ko a silikon, wanda aka fi sani, sanannun hanyoyin DFT suna ba da tazarar makamashin da ta kai kusan rabin abin da awo na zahiri ya nuna: kimanin 0.6 a inda gwaji ya ba da 1.1. Saboda haka lissafi jagora ne ga gwaji, ba madadinsa ba. Farar ƙasar da aka haƙo a Ƙanƙara tana zuwa da yashi da ƙarfe a cikinta, sai an auna ta kafin a san da me ake magana.

Yadda ake lissafa darajar malami

Ambaton wanda aka ɗauko ilimi daga gare shi tsohuwar ɗabi'ar malamai ce. Duk wanda ya zauna a zaure ya san darajar isnadi da nauyin kalmar "in ji wane". Abin da Eugene Garfield ya yi shi ne mayar da wannan ɗabi'a lissafi. Ya kawo shawarar a 1955, yana koyi da kundin da lauyoyin Amurka ke bin sawun hukunce-hukunce da shi, sannan kundinsa na ambaton kimiyya ya fito a 1964. Manufar farko ita ce taimaka wa mai bincike ya gano wanda ya ɗora a kan wani aiki. Daga baya aka fitar da makin tasirin mujalla, wato matsakaicin ambaton da takardunta na shekaru biyu suka samu. A 2005 masanin fiziks Jorge Hirsch ya ƙara da ma'aunin h: malami mai h 10 yana da takardu 10 da kowace aka ambata aƙalla sau 10.

Yau waɗannan lambobi sun shiga ɗakunan kwamitocin ƙarin girma a Najeriya. Ana tambayar ko mujallar tana cikin Scopus, ana duba shafin Google Scholar, kuma jaridu kan buga jerin gwarazan malamai bisa yawan ambato, jami'o'i su yi ta murna. Akwai dalilin da ya sa aka rungumi lambar. A inda son kai da sanayya ke iya shiga sha'anin ƙarin girma, lamba tana kama da alƙali marar dangi. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma duk mai sukar ma'aunin dole ya amsa ta.

Abin da kiristal ya tona

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin takardu 100 da aka fi ambata a tarihi. Takardar Watson da Crick kan tsarin DNA ba ta samu shiga ba. Wadda ta zo ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, kan hanyar auna furotin. Goma sha biyu cikin ɗarin na DFT ne, biyu daga cikinsu suna cikin goman farko. Darasin a fili yake: abin da aka fi ambata shi ne kayan aikin da masu rubuta takardu ke ɗauka kullum, kamar yadda kowane tela ke ɗaukar almakashi. Babban ganowa kuwa yakan shige littattafan makaranta har a daina ambaton mai shi.

Misali na biyu ya fi ban mamaki. A 2008 George Sheldrick ya wallafa taƙaitaccen tarihin manhajarsa ta SHELX, wadda ake warware tsarin kiristal da ita, a mujallar Acta Crystallographica ta sashen A. Masu amfani da manhajar suka riƙa ambaton takardar. Makin mujallar ya tashi daga kimanin 2 zuwa kusan 50 a lissafin 2009, har ta zarce Nature da Science. Da takardar ta fita daga zangon shekaru biyun da ake ƙirgawa, makin ya koma wajen 2. Sauran takardun mujallar ba su ƙara kyau ba, ba su kuma lalace ba. Duk malamin da aka auna shi da wannan maki a tsakanin, an auna shi ne da aikin wani.

Na uku ya nuna abin da ke faruwa idan lamba ta zama abin nema. A ƙarshen 2009 editocin sashen E na wannan mujalla suka sanar da janye tsare-tsaren kiristal aƙalla 70 na bogi, waɗanda suka fito daga wata jami'a a Sin. An ɗauki bayanan gaske ne aka sauya sunayen zarra, kowane sauyi ya zama sabuwar takarda. Irin waɗannan abubuwa suka sa masana suka fitar da Sanarwar San Francisco a 2012 da Ƙa'idojin Leiden a 2015, dukkansu suna gargaɗin kada lamba ta maye gurbin karanta aikin da kansa.

Inda ma'aunin ke karkatar da Kano

Matashin malami mai iyali, wanda albashinsa ya rataya a kan ƙarin girma, yana da zaɓi biyu. Zai iya ɗaukar wani kiristal da duniya ke yayi, irin su ferobskait na farantan sola, ya sauya zarra guda, ya lissafa, ya wallafa cikin watanni. Masu aiki a fannin dubbai ne, don haka ambato zai zo. Ko kuma ya shafe shekara biyu yana binciken yadda yumɓun wata ƙaramar hukuma zai tsotse sinadarin kuromiyam daga ruwan jima. Masu ambaton wannan kaɗan ne, kuma injiniyan masana'antar da zai amfana ba ya rubuta takarda, balle ya ambaci kowa. Idan malamin ya zaɓi na farko ba laifinsa ba ne. Ya bi hanyar da aka share masa.

Alhali tambayoyin suna nan jibge. Majemun zamani na Challawa da Sharaɗa suna aiki da gishirin kuromiyam, kuma ruwan da masana'antun yankin ke zubarwa yana gangarawa ta rafin Salanta da magudanai zuwa kogin Challawa, wanda Kano ke sha daga gare shi. Na Bompai yana bi ta Getsi ya haɗu da Jakara, inda manoman rani ke ban ruwa. Yadda zarrar ƙarfe ke maƙalewa a fuskar yumɓu ko ziyolait tambaya ce da DFT ke iya taimakawa a kai. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna aikin haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara, wanda ya nuna cewa hanyar ba mafarki ba ce. A Zariyar kuma akwai cibiyar NILEST ta kimiyyar fata da NARICT ta fasahar sinadarai. Mai masana'antar roba yana son sanin dalilin da bokitinsa ke tsagewa a zafin bazara. Mai fenti yana son sanin ko farar ƙasar gida za ta rage masa abin da yake saye da dala.

Akwai kuma batun haƙƙi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, an gina shi ne a kan harajin ilimi da kamfanoni suka riƙa biya daga ribarsu, wanda ya fara daga kashi 2 har ya kai kashi 3 cikin 100 a 2023. Masana'antar da ta tsira daga tsadar wuta da gas a Bompai tana cikin masu ɗaukar nauyin binciken, don haka tana da ikon tambayar abin da ya dawo mata.

Ba a ce a daina binciken da ba a ga ribarsa yau ba. Lissafin Kohn ya shafe shekaru kafin masana'antu su ci moriyarsa, kuma jami'ar da ta koma ɗakin gyaran kamfani kawai ta rasa ranta. Su ma masu masana'antun suna da nasu kason. Da yawa sun fi yarda da ƙwararren da aka ɗauko daga waje, suna ɓoye matsalolinsu gudun kishiya ko hukuma. Ba a bincika abin da ba a faɗa ba.

Gyaran da ke hannu

Abu na farko yana hannun majalisun jami'o'i: rahoton fasaha da wata masana'anta ta yi aiki da shi, wanda masana biyu daga waje suka tantance, ya samu maki daidai da takardar mujalla. Tantancewar waje ita ce amsar masu tsoron son kai. Na biyu, kowane mai neman ƙarin girma ya gabatar da ayyukansa uku ko biyar mafiya ƙarfi a karanta su, maimakon a ƙirga talatin.

Na uku yana hannun ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a Kano: ta riƙa tattara matsalolin kayan aiki daga mambobinta duk shekara, ba tare da sunan kamfani ba, ta miƙa wa sassan fiziks da sinadarai da injiniyanci domin su zama batutuwan digiri. Na huɗu, a samar da ɗakin gwaji guda na haɗin gwiwa mai na'urar eksire ta auna kiristal, da wutar sola, da ma'aikaci mai albashin kula da ita, wanda ɗalibi da mai masana'anta za su iya kai samfur su biya kuɗi kaɗan. Na biyar, hukumar RMRDC, da aka kafa a 1987 domin bunƙasa albarkatun masana'antu, ta jagoranci buɗaɗɗen rumbun bayanai na ma'adinan Arewa: farar ƙasa, jibsin, kanwa, farin dutse, kowane da tsarinsa da dattinsa da wurin da aka haƙo shi. Irin wannan rumbu, kamar yadda tarihin SHELX ya nuna, shi ne ma abin da ake yawan ambata.

Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Ambato shaida ce cewa malamai sun ji labarin aiki, kuma wannan abin so ne. Ranar da kwamitin ƙarin girma zai tambayi malami wace masana'anta ce ta rage dattin ruwanta ko kuɗin kayanta saboda lissafinsa, kuma amsar ta ƙara masa maki, ranar ce 'yar tazarar da ke tsakanin jami'a da Sharaɗa za ta fara raguwa.