Sarauniyar da aka Sadaukar a Tasalonika

A shekarar 1988 aka yi gasar duniya ta darar Turawa, wato ces, a birnin Tasalonika na ƙasar Girka. A ɓangaren mata, ƙungiyar Hangari ta ƙunshi 'ya'yan gidan Polgar su uku da Ildiko Madl. Autarsu, Judit, shekararta 12 kacal, ita ce ta zauna gaban Pavlina Angelova ta Bulgeriya.

Wasan bai yi nisa ba. Tun da farko Judit ta bar wa abokiyar karawarta 'ya'ya tana ci, har da ɗan nan da Larabawa ke kira giwa, alhali kuwa tarko take ɗanawa. A tafiya ta 17 sai ta ci hasumiya da sarauniyarta, ta ajiye ta daidai bakin sarkin Angelova. In sarki ya ci sarauniyar, tafiya biyu suka rage a rutsa shi, ba mafita. Nan take Angelova ta sallama.

Akwai masu ganin cewa irin wannan wasa ganganci ne ga wanda ke wakiltar ƙungiya. Hujjarsu ita ce, makin da za a rasa ba na mutum ɗaya ba ne, saboda haka gara a lallaɓa a tashi canjaras. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta zauna a nan ba. Ganganci shi ne a jefa ɗa ba a san inda zai faɗa ba. Ita kuwa yarinyar nan ta riga ta lissafa ƙarshen abin kafin ta ɗaga hannu.

Sa'an nan kuma a dubi yadda gasar ta ƙare. A wancan lokaci makin kowane allo ake tarawa. Hangari ta sami 33, Tarayyar Sobiyat 32 da rabi, wadda ba a taɓa raba ta da kambin ba a duk gasar da ta shiga tun 1957. Judit ita kaɗai ta kawo 12 da rabi cikin wasanni 13. Da ta bi shawarar masu lallaɓawa ko da sau ɗaya ne, da wannan rabin makin da ya raba gardama ya salwanta.